Ɗakin Katakon da Na Yi wa Baba

Hannatu ɗiyata, da ku ƴaƴan yaya Dauda, wannan babin naku ne. Ba ku isa karanta shi ba tukuna, na sani, amma yanzu zan rubuta, don ban yarda da kaina ba. Na ga yadda tsofaffi ke yi da labarinsu: kowace shekara su kankare wani wuri, su shafa mai a wani, har ya fito sumul babu laifin kowa. Ni ma in na tsufa haka zan yi. To gara in ajiye shi yanzu da ƙurajenshi. Zancen lakwal, wato makarantar boko, da yadda na faɗi jarrabawar birebe sau biyu a Tasawa na komo gida, na riga na gama shi, ba zan maimaita ba. Shekarar da nake so ku sani ita ce wadda na yi wa kakanku ɗakin katako.

Gidan kun san shi, a bakin gari ta yamma, inda gidajen masu bi suke kewaye da ƴar majami'armu. Kakanku Ishaku manomi ne, dattijon ikilisiya kuma, mutum marar hayaniya wanda tari ya kama tun ina ƙarama. A daminar shekarar nan aka yi ruwan kwana biyu ba tsayawa, bangon gabas na ɗakinshi ya sha ruwa ya zauna. Allah ya sa yana gona. Sai ya koma kwana ɗakin Inna, inda take hura wuta in ana ruwa, rufin duk ya yi baƙi da hayaƙi. Tarin ya ƙaru. Likita ya ce a raba shi da danshi da hayaƙi. Da rana dai ba ya shan wahala, don muna da babban itacen bedi, wato dogon yaro, a tsakar gida, wanda shi ya dasa da hannunshi. Nan tabarmarshi take, nan Littafinshi, nan butarshi. Daga hantsi har la'asar, in ba gona ya tafi ba, ƙarƙashin bedin nan za ka same shi. Abin da ya rage kawai a yi mishi wurin kwana.

A garinmu kowa ya san yadda ake yin ɗaki, kuma kowa ya san wa ake kira. Baba Tanko magini, maƙwabcinmu, Musulmi, abokin wasan Baba tun suna kiwon awaki. Ya zo wata Lahadi bayan mun taso sujada, ya zauna gefen tabarmar yana lissafa yadda aikin zai tafi. In an kai gero rumbu a yi gayya a buga tubali, a bar shi ya sha rana. A tada bango rabi, a bar shi ya bushe, a ƙarasa. A ɗora itace, a rufe da ƙasa, a yi yaɓe.

"Kai dai Tanko," in ji Baba yana dariya yana tari, "Nuhu ma ya gama jirginshi kafin ka gama ɗaki guda."

"Shi ya sa nawa ba ya tafiya ko'ina," in ji Baba Tanko.

Ni ina tsaye da kwanon fura a hannu. Na ce, "Wata nawa ke nan duka?"

"Huɗu, in Allah ya so."

"Wata huɗu yana shaƙar hayaƙi?"

"To mi za a yi, Madam Lakwal? Ƙasa ba ta jin faransanci, balle in ce mata ta yi sauri."

A lokacin na fara aiki a wani shagon magani a Urafane, na sayi waya mai shafawa, kaina ya cika da hotuna. Akwai wani da na ajiye na ɗan ɗaki na katako zalla, da taga biyu da ƴar baranda, an ce mutum ɗaya ya yi shi cikin mako uku. Na ajiye furar na miƙa wa Baba Tanko wayar. Ya nisanta ta da fuskarshi, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo.

"Wanga farin abu da ke kewaye da shi, mi ne ne? Gishiri?"

"Ƙanƙara ce. Ƙasar sanyi ce."

"To. Ɗakin mutanen da ke neman zafi za ki kawo ma masu neman sanyi? Ki sa shi cikin akwati ki rufe da kwanon tol, in bazara ta kama, wallahi da gudu zai fito."

Da na yi shiru a nan, da babu wannan babin. Amma bakina ya fi kaina sauri, har yau ma. Na ce, "Baba Tanko, kai ƙasa kaɗai ka sani. Shi ɗakin da ya faɗi, wa ya gina shi?"

Shi ya gina shi, tun kafin a haifi yaya Dauda, kuma ya tsaya duk shekarun nan. Na san haka lokacin da nake faɗa. Baba Tanko ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar wanda aka ba ajiya, ya tashi, ya kaɗe rigarshi, ya yi wa Baba sallama. Baba bai ce mini komai ba sai, "Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarshi aka sa mini, Rahila. Ya faɗa sau ɗaya, a hankali. Na yi kamar ban ji ba.

Na sayi kaye sabo na rubutu, na ciro tsohon abin awona na aji, na zana ɗakin ta gaba da ta gefe da ta sama kamar yadda aka koya mana. Mita uku da rabi tsawo, uku faɗi. Na yi ta alfahari da zanen nan, ina ɗauke da shi har wurin aiki. Inna ba ta iya karatu ba, amma ita kaɗai ta ƙara abu mai amfani a ciki. Ta leƙa ta ce, "In kika aza katako bisa ƙasa, gara za ta cinye shi kafin Kirsimeti. Ki ɗaga shi kamar rumbu." Sai na zana mishi ƙafafu, daɓen ya tashi daga ƙasa kamar tsayin cinyata. Na tafi Tasawa wurin masu katako. Alhajin da na samu ya kalli kayen, ya kalle ni, ya ce ina maigidan da ya aiko ni. Na ce ni ce maigidan. Ya yi dariya har hularshi ta karkace, amma ya zaɓar mini katako mai kyau, da ƙusa, da tol, ya ara mini tsohon zarto. Abu ɗaya ya ce ba shi da shi: itace mai kauri na ƙafafu da ginshiƙai. Wanda ke gare shi fari ne, abincin gara. Ya ce in nemi bedi, gara ba ta son ɗacinshi.

Tun a mota ina dawowa na san wane bedi. Ban tsaya neman wani ba ma. Na samu Baba a ƙarƙashinshi na gaya mishi kai tsaye.

Ya ɗaga kai ya dubi rassan. "Ki ɗauki reshe biyu, waɗancan na wajen katanga."

"Biyu ba su isa ba. Takwas nake so, masu kauri."

"To a bari bayan bazara, Uwata."

"Baba, ba sare shi zan yi daga tushe ba. Aski ne. Zai tofo."

"Zai tofo," in ji shi. Ya sake faɗa, "I, zai tofo."

Ni na ɗauki wannan a matsayin yarda, don haka nake so in ɗauke shi. Gaskiya ya faɗa, ai kun gan shi yau, ya fi da girma. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne cikin shekara nawa, kuma mai tarin nan shekara nawa ke gare shi. Shi ya yi wannan tambayar a ranshi. Ni a raina ginshiƙai nake gani.

Da aka gama girbi, ƙirjin ya tsananta, yaya Dauda ya kai shi asibiti Tasawa, aka riƙe su mako biyu. Kashegarin tafiyarsu na kira masu gatari biyu. Inna ta tsaya bakin madafa da muciya a hannu.

"Kin gaya mishi?"

"Zai gani in ya ga ɗaki."

"Rahila, ba ke kike zama ƙarƙashinshi ba."

"Inna, don Allah matsa, kada reshe ya faɗo miki."

Kafin azahar an gama. Aka bar gangar jikin tsaye da dungulmi takwas. Tsakar gidan ya yi haske irin wanda ban taɓa gani ba, kaji suna ta yawo suna neman inda za su laɓe. Na ce a raina gidan ya ƙara faɗi.

Aikin kuwa, kada wani ya gaya muku na iya shi. Ban taɓa riƙe zarto ba. Katako shida na farko na yanke su gajeru, don na manta kaurin ginshiƙi. Ƙusa in na buga goma, huɗu sun lanƙwashe. Farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi ya faɗi. Ramukan ƙafafu na haƙa su sau biyu, don na farkon da na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, sai na ga ɗakin ya karkace kamar bakin mai tsaki. Na ɗauki hutu a wurin aiki, ina farawa tun sanyin safiya, sai Inna ta ƙwace gudumar nake cin abinci. Mutanen majami'a sun zo su taimaka kamar yadda aka saba, dattijo ɗaya ya fara cewa da an bar tazara tsakanin bango da rufi don iska, na ce na gode, zanena ba haka ya nuna ba. Ba su sake zuwa ba. Baba Tanko kuwa in zai tafi masallaci sai ya bi ta bayan gida, don kada ya wuce ƙofarmu. Na ji daɗin aikin, wannan ma sai na faɗa. Ranar da na taka daɓen ya ɗauke ni bai motsa ba, na yi tsalle a kai ni kaɗai kamar yarinya.

Bango ya kai sama ranar da suka dawo. Baba ya sauko daga amalanke, yaya Dauda na riƙe da shi, ya shigo tsakar gida ya tsaya. Ba ɗakin ya fara kallo ba. Ya daɗe yana duban dungulmin nan, rana na dukan fuskarshi, har ya kai hannu ya kare ido. Yaya Dauda ya juyo kaina.

"Ke wace irin..."

"Dauda," in ji Baba. Sannan ya juyo ya ce mini, "Ina ƙofar take, Uwata? Nuna mini."

Na riƙe shi ya hau matakala uku ya shiga. Ya shafa bangon, ya shinshina hannunshi, ya ce ƙamshin katako ke nan. Yaya Dauda bai yi mini magana ba kwana uku, amma shi ya hau ya buga tol ɗin. Lahadin da ta biyo, lokacin da ake ba masu godiya dama, Baba ya tashi a gaban jama'a. Ya ce ya gode wa Ubangiji da ya ba shi ɗiya wadda ta yi mishi ɗaki da hannunta, abin da ba a taɓa yi wa wani uba ba a garin nan. Ya ce waɗanda ke cewa zai fito da gudu, su zo su zauna su jira. Aka yi dariya, aka tafa. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali zuciyata kamar ta fashe don daɗi.

Watannin ɗari lafiya lau. Itacen ɗanye ne, da ya bushe sai ya ja, tsagogi suka buɗe, na cusa tsumma. Tarin ya ragu, gaskiya ne ya ragu. Mutane na zuwa daga wasu ƙauyuka ranar kasuwa su leƙa. Na koma aikina, ina fita da safe a bayan babur, sai rana ta yi sanyi nake dawowa. Bazara ta shigo. A shagon magani muna da rufin ƙasa mai kauri, duk da haka muna fifita da kwali. In na dawo sai in tarar da Baba zaune a matakala, wanka ya yi, rigarshi fes.

"Ya zafi yau, Baba?"

"Da sauƙi. Taga biyu gare ni, ni da gwamna."

Na ga yana ramewa, na ce ciwon ne. Na ga leɓenshi na tsagewa, na kawo mishi man shafawa. Na ga Inna ta rataya wata tsohuwar tabarma a gefen ɗakin ta kudu, daga daɓe zuwa ƙasa, na tambaya, ta ce don kaji. Ko sau ɗaya ban shiga ɗakin nan da tsakar rana ba. Ko ranar Lahadi, daga sujada sai in wuce taron mata, daga nan gidan ƙawa. Yanzu ina ganin ban so in sani ba ne.

Wata Talata aka yi wa mai shagon rasuwa a danginshi, ya rufe da wuri. Na iso gida rana na tsaka. Tsakar gida ba inda za ka sa ƙafa, ƙasa na cin tafin takalmi. Na hau matakala na tura ƙofa. Iskar da ta bugi fuskata irin wadda ke fitowa ce in an buɗe tanderun burodi. Tol na ƙara ƙas, ƙas, a sama. Kyandir ɗin da ke kan taga ya narke ya kwanta. Gadon babu kowa. Na buɗe baki zan kira Inna, sai na ji tari. Daga ƙarƙashin ƙafafuna ya fito.

Na sauka na zagaya na ɗaga tabarmar nan. Yana kwance a ƙarƙashin daɓen, a kan buhu, rigarshi a naɗe ya yi matashi da ita. Dattijon ikilisiya, mutumin da ban taɓa ganin kafaɗarshi a waje ba. Kaji uku na gefenshi sun buɗe baki suna haki. Butarshi na nan, da Littafinshi, da wani jiƙaƙƙen tsumma a ƙirjinshi. Wurin bai isa mutum ya zauna ba, sai dai ya shiga da rarrafe. Ƙasar ta yi sulɓi inda gwiwoyinshi suka saba bi.

Ya buɗe ido ya gan ni. Abin da ya fara yi, jawo rigar ya rufe jikinshi.

"Kin dawo da wuri."

"Baba, tun yaushe?"

"Saki tabarmar, kada wani ya wuce."

"Mi ya hana ka shiga ɗakin Inna? Mi ya hana ka tafi zauren Baba Tanko?"

"In ratsa tsakar gida kowa na gani? Na tashi gaban mutane na yi magana, Uwata. In na fito, ba ni za su yi ma dariya ba." Ya yi tari, ya huta. "Nan ma da sanyi. Dabarar ƙafafun nan taki ta yi kyau."

Ba tawa ba ce ma. Na juya, Inna na tsaye bayana. Ita ke shigar da shi kullum in na fita, ita ke fito da shi ta yi mishi ruwan wanka kafin a ji ƙarar babur. Na ce mata don mi ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Wa ya taɓa gaya miki abu kika ji?"

Ko mayafi ban gyara ba na tafi gidan Baba Tanko. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba tun da na shiga kolej. Na gaya mishi duka. Na jira ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba. Ya ajiye igiyar, ya riƙe gemu.

"A ƙarƙashi? Ishaku?"

"I. Ka zo ka yi mishi jinka bisa tol ɗin. Yau. Ko mi ake buƙata zan nemo."

"Da wace ciyawa, ɗiyata? Ciyawar shibci da kaka ake yankanta. Yanzu ko karan gero dabbobi sun cinye. Ki zagaya garin nan ki gani in akwai dami ɗaya."

"To ya za a yi?"

"Sai kaka."

Duk da haka ya tashi, ya kwance zana biyu daga rumfar awakinshi, ya ɗauko a ka. Shi da yaya Dauda suka shimfiɗa su a kan tol, suka cire katako ɗaya daga saman kowane bango don iska ta ratsa. Ya rage, amma kaɗan. Da ya sauko, Baba ya riga ya fito ya zauna a matakala da rigarshi.

"Wa ya kira maginin Fir'auna?" in ji Baba.

"Na zo ganin jirgin Nuhu ne. An ce matuƙin ya koma zama da kaji."

Suka yi dariya su biyu har Baba ya shaƙe. Ni na shiga bayan ɗakin Inna na toshe bakina da zane. Daga ranar Baba Tanko ke zuwa da hantsi ya ce yana son abokin hira, ya tafi da shi zaurenshi a gaban kowa, don a ce hira ce ta fitar da shi.

Bai kai kaka ba. Ruwa na uku da aka yi, gero na fara rufe ƙasa, ya rasu. Ba zan ce ɗakina ne ya kashe shi ba, ciwon ya girmi ɗakin. Amma bazararshi ta ƙarshe a duniya, mako shida daga ciki, a ƙarƙashin daɓe ya yi su, kuma ni na sa shi can. A wurin jana'iza fasto ya ambaci ɗakin, ya ce ƴan mata su yi koyi da Rahila. Ina zaune na ji. Ni da ba a taɓa rufe mini baki ba, ranar ban ce uffan ba.

Na sa kwado a ƙofar, na ce a bar shi gara ta ci. Da aka gama yankan gero, wata safiya ina shara, sai ga amalanke a ƙofar gida, an lafta mishi ciyawa har ba a ganin jakin. Baba Tanko na gefe da lauje a kafaɗa.

"Na ce kaka. Ga kaka."

"Don wa kuma, Baba Tanko?"

"Ba da ke na yi alkawari ba. Ubanki ya riƙe hannuna a zaure, ya ce, Tanko, in ciyawa ta yi ka rufe shi da kyau, kada a ce ɗiyata ta yi aikin banza. Ajiye tsintsiyar nan ki zo ki koyi yanta ciyawar jinka."

Kwana huɗu muka yi. Ya kafa tsaikon itace a saman tol ɗin ya bar tazarar kamu biyu, ya sauko da bakin jinkar har ta rufe bangon daga rana. Ni ina ƙasa ina yanta ciyawa, ina miƙa mishi. Ranar da muka gama ya wanke hannu ya tafi masallaci. Rana na tsaka, irin zafin nan na bayan damina da ke dafa mutum a tsaye. Na buɗe kwadon na shiga, na zauna a bakin gadon Baba, ina jira zafin ya taso.

Na daɗe ina jira. Ɗakin da sanyi.